Fetur a Jarkar Zamzam

A shekarun da aka tashi Zongo daga tsakiyar Lome aka mayar da ita bakin hanyar arewa, layin su Haliru bai samu wutar lantarki da wuri ba. Shi ya sa injin markaɗensa mai shan fetur ya zama madogarar matan layin. Wake, tattasai, jiƙaƙƙen geron koko, duk wurinsa ake kaiwa.

Haliru dogo ne, mai son a ji muryarsa. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar a lokacin, kowace unguwa da komitinta. Tun da aka sa shi a komitin Zongo bai ƙara fita ba sai da bajon jam'iyya maƙale a ƙirjin riga, ko da a bakin inji zai wuni ƙullu yana fallatsar masa.

Wata rana gobara ta tashi a wani gida a unguwar Hanoukopé, daga kwalbar fetur da aka ajiye kusa da murhu. Ba a rasa rai ba, amma ɗakuna sun ƙone ƙurmus. Sai umarni ya zo cewa kada a ƙara zuba wa kowa fetur a kwalba ko a roba, sai a jarkar ƙarfe mai murfin da ke rufuwa gam. Haliru ya ɗauki maganar kamar shi kaɗai aka aiko wa. Ya bi gida-gida tare da wani ɗan sanda mai suna Tchakoura, mutumin Sokode, wanda yake haya a nan Zongo, masallacinsu ɗaya da Haliru, Hausarsa kuma ta nuna sarai sai ɗan barbaɗen Faransanci.

A wannan zagayen ne suka iske Ma'u, wata bazawara da ke sayar wa masu mobileti, wato ƙananan babura, fetur a kwalabe a ƙofar gidanta. Tchakoura ya so ya ja mata kunne su wuce. Haliru ya ce sam. Ya kwashe kwalaben, ya tsaya gaban masu sayenta ya yi mata dogon wa'azi, har da ɗaga yatsa. Bayan kwana kaɗan Ma'u ta sayo jarkar ƙarfe koriya, ta ajiye ta inda duk mai wucewa zai gani.

Ranar da abin ya faru, ana shirin suna a gidan sarkin pawa. Tun hantsi kwanonin wake suka yi layi a bakin injin Haliru. Yana cikin aiki sai injin ya yi tari, ya ƙara yi, ya mutu. Fetur ya ƙare. Haliru ya zagaya baya ya ɗauko jarkarsa ta ƙarfe, yana ɗaga ta ya hango rana ta gindinta. Ashe tun damina ya bar ta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsatsa ta cinye ta.

Matarsa Zaituna, wadda ke karɓar kwanonin mata, ta ce, "Maigida, ka aro ta Ma'u mana. Ga ta can tana ƙyalli."

"Ni? In je ƙofar Ma'u roƙo?"

"To, ka tsaya ka gaya wa matan sarkin pawa haka."

Haliru ya dubi matan, matan suka dube shi. Ya ce su ɗan yi haƙuri, ya shige cikin gida.

A gidan nasa akwai Gwaggo Ajaratu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta sauke farali a shekarar da ta gabata. Ta dawo da zamzam a wata farar jarkar roba mai rubutun Larabci a jiki. Mutane suka yi ta zuwa da kofuna har ta gaji, wata rana ta fito tsakar gida ta kife jarkar a gaban kowa, ta ce ya ƙare, a bar ta ta huta. Amma ba ta yar da jarkar ba. Tana bisa kabad ɗinta, lulluɓe da farin ƙyalle.

Gwaggo ta tafi gidan suna tun safe. Haliru ya leƙa ɗakin, ya yi sallama a hankali ko da yake ya san ba kowa, ya sauko da jarkar da ƙyallenta. Ya ɗaure ta a bayan kekensa ya fice ta ƙofar baya.

A gidan mai ya tarar da Mamadou mai zuba fetur yana gyangyaɗi a inuwa. Haliru ya kwance ƙyallen. Mamadou ya dubi jarkar, ya dubi bajon da ke ƙirjin Haliru, ya fashe da dariya.

"Malam Haliru, gwada ni aka aiko ka yi?"

"Ba gwaji ba ne. Zuba mini, sauri nake."

"Wallahi ba zan zuba ba. Wannan robar ta ruwa ce. Fetur cin ta yake yi, in rana ta buge ta kumbura za ta yi, murfin ma ba ya riƙe tururi. Kai da bakinka ka tsaya nan ka faɗa mana haka. Har cewa ka yi duk wanda ya zuba, kai za ka kai shi kwamisariya wurin 'yan sanda."

"Wancan magana ce ta komiti. Wannan ta inji ce."

"To injin ya zo da kansa," in ji Mamadou, ya koma ya zauna.

Haliru bai haƙura ba. Ya zarce tashar mota, inda yake da aboki direban tasi mai suna Muniru. Shi Muniru ba mai yawan tambaya ba ne. Suka zagaya bayan wata babbar mota, ya zura tiyo a tankin tasinsa, ya zuƙa, ya tofar yana tsaki, fetur ya taho. Ya cika jarkar har wuya. Haliru ya murɗa murfin, ya lulluɓe ta da ƙyallen, ya kamo hanyar gida yana jin daɗin dabararsa.

Rana ta take. Kafin ya kai mararrabar shiga Zongo, jarkar ta fara jiƙa ƙyallen ta wajen murfi. Shi bai sani ba, don iska tana kai warin baya. A mararrabar kuwa, ƙarƙashin wani mangwaro, Tchakoura ne a tsaye da usur a baki. Haliru ya so ya wuce da ɗaga hannu kawai, usur ya tsayar da shi.

"Malam Haliru na komiti! Ina aka fito da wannan rana?"

"Lafiya lau, Shef. Saƙo na karɓo."

Tchakoura ya zagayo bayan keken. Tun kafin ya iso hancinsa ya gaya masa komai. Ya ɗaga gefen ƙyallen da yatsa, ya ga rubutun Larabci, ya ga robar ta ɗan yi ciki. Ya sake ƙyallen. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Saƙon me?"

Da Haliru ya faɗi gaskiya a nan, da wataƙila faɗa kawai zai sha. Amma ya tuna Ma'u, ya tuna yatsan da ya ɗaga mata. Bakinsa ya riga shi.

"Zamzam ne, Shef. Wani alhaji ya aiko wa Gwaggo."

Tchakoura ya dube shi. Sannan a hankali ya cire hularsa ta aiki ya rungume ta a ƙirji.

"Allahu Akbar. Zamzam! Kuma ka ɗaure shi a bayan keke, ka juya masa baya, ƙura tana bugunsa? Haba Malam Haliru. Sauko."

"Shef, ai na kusa gida."

"Sauko, na ce."

Ya kwance jarkar da kansa, ya ajiye ta a ƙasa a inuwar mangwaron. Ya sassauta murfin kaɗan, ta yi huci, ya kawar da fuskarsa, ya mayar ya ɗaure. "Ka ji ko? Har numfashi yake saboda wahalar da ka ba shi." Ya kira wata mai sayar da lemo ya ari lemarta, ya miƙa wa Haliru. "Ni zan ɗauka. Kai ka tura keke da hannu ɗaya, ka yi masa inuwa da ɗaya. Ruwan Makka ba ya son rana."

Mai lemon ta ce, "Shef, me aka samu?"

"Zamzam, Hajiya! Sabo fil. Malam Haliru ne Allah ya ba, kuma kin san shi da kyauta."

Ba ta jira ƙarin bayani ba. Ta bar wa maƙwabciyarta tiren lemon ta ruga neman kofi.

Haka suka shiga Zongo. Tchakoura a gaba, riƙe da jarkar nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da jariri ɗan sarki, Haliru a gefe yana fama da keke da lema, gumi na zuba. Duk wanda ya tambaya, Tchakoura sai ya amsa da ƙarfi. Kafin su wuce masallacin layin farko, mata sun fara biyo su da kofuna da 'yan kwalabe, wata ma da ludayi.

Da suka tunkari mai tsire, Tchakoura ya yi tsawa, "Atansiyo! A ba da hanya!" Ya tsallake zuwa ɗaya gefen titi, ya yi nisa da wutar sosai. Ya ce hayaƙin nama bai dace da abu mai tsarki ba. Wani tela ya matso da taba a baki yana son ya taɓa jarkar don neman albarka. Tchakoura ya daka masa tsawar da ta sa ya ja da baya, ya ce ya je can nesa ya kashe ta, ya wanke baki, sannan ya zo. Wata tsohuwa ta ce ita fa tana jin warin esansi, wato fetur a bakin mutanen Lome.

"A jirgin sama ya zo, Iya," in ji Tchakoura. "Kusa da inji aka ajiye shi."

Haliru ya matso kusa da kunnensa. "Shef, don Allah."

"Don Allah me?"

"Mu ratse ta lungu."

"A ɓoye alheri? Ina! Kai ɗan komiti ne, komai naka a fili yake."

A nan Haliru ya gane cewa Tchakoura ya sani. Ya kuma gane ba shi da mafita, don in ya buɗe baki yanzu, a gaban rabin unguwa zai buɗe shi. Ya yi ta addu'a a zuci ko taron zai watse. Taron kuwa sai ƙaruwa yake. Har masu koyon rawar jam'iyya da ke atisaye a filin makaranta suka tsagaita kiɗa suka leƙo.

Da suka iso ƙofar gidan Haliru, Tchakoura bai shiga ba. Ya leƙa ya hango murhun Zaituna yana ci a tsakar gida, sai ya ajiye jarkar a waje, a gindin wata bishiya, ya sa mutane suka ja baya suka yi layi. Matan da ke jiran markaɗe suka bar kwanoninsu suka shiga layin. Zaituna ta fito, ta ga farin ƙyallen, ta shaƙi iska sau ɗaya, ta rufe baki da gyale ta koma ciki. Kafaɗunta kawai ake gani suna rawa.

"To, Malam Haliru," in ji Tchakoura, "bismillah. Raba."

Haliru ya tsaya kamar an dasa shi. Sai layin ya dare, aka ba wani tsoho hanya. Malam Idi ne, wanda ya koya wa Haliru karatun allo, yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai da sanda yake tafiya. Ya miƙo wani ɗan kofin silba.

"Haliru, an ce Allah ya kawo maka zamzam. Ba na sha nake so ba. Ɗan kaɗan ka ɗiga mini in shafa a idon nan."

Wannan karon murmushin Tchakoura ma ya ɗauke. Ya matsa ya tsaya tsakanin tsohon da jarkar. Amma Haliru ya riga shi. Ya saki keken ya faɗi, ya durƙusa gaban malaminsa, ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Malam, ka gafarce ni. Ba zamzam ba ne. Fetur ne."

"Me ka ce?"

"Fetur ne, Malam. Na injin markaɗe. Ƙarya na yi wa Shef."

Sai tsohuwar nan ta ce, "Ai na faɗa!" Nan take hayaniya ta ɓarke. Masu dariya na yi, masu salati na yi, mai ludayi tana zagi da Hausa tana ƙarawa da yaren Mina. Ma'u, wadda ta iso tun ɗazu ba kofi a hannunta, ta tsaya gefe ta harɗe hannu tana kallo kamar an kawo mata silima har gida.

Ana cikin haka Gwaggo Ajaratu ta iso daga gidan suna, don labari ya kai mata cewa an aiko mata da zamzam. Ta kutsa cikin mutane, ta yaye ƙyallen, ta ga jarkarta ta yi ciki, rubutun jikinta ya fara narkewa inda fetur ya zubo. Ta dafe ƙirji.

"Haliru! Jarkar da na rungumo tun daga Makka? Wadda ko ruwan rijiya ban yarda a zuba mata ba?"

"Gwaggo, wanke ta zan yi."

"Ba ta wankuwa, Hajiya," in ji Tchakoura. "Robar da ta sha fetur ba a ƙara shan komai a cikinta."

Gwaggo ta juyo kansa. "Kai kuma rufe mini baki. Tun daga mararraba ka san abin da ke ciki, ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Hajiya, amma..."

"Ka sani, ka taso tsofaffi cikin rana don ka yi dariya? Dubi Malam Idi! Da wannan kakin naka da girmanka. Uwarka tana Sokode tana cewa ɗanta yana aikin hukuma, ashe wasan yara kake yi a titi."

Tchakoura, wanda direbobin manyan motoci ke rawar jiki in ya busa usur, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Haliru ya ɗan ji sanyi a ransa ganin ba shi kaɗai ba ne.

Malam Idi dai yana tsaye da kofinsa. Ya ce, "Ba komai, Hajiya. Allah bai nufa ba. A nuna mini hanya in koma."

Gwaggo ta dube shi, ta dubi taron. Sai ta yi tsaki ta shige gida. Aka ji ana jan akwati. Ta fito da wata 'yar kwalba a naɗe cikin ɗankwali, ta buɗe, ta tsiyaya kaɗan a kofin tsohon.

Mai lemo ta ce, "A'a, Hajiya! Ba kin ce ya ƙare ba? Har kife jarka kika yi a gabanmu."

"Na jarka ne ya ƙare," in ji Gwaggo, ba ta ko kalle ta ba.

Malam Idi ya yi bismillah ya shafa a idanunsa, ya shanye ragowar. Aka tambaye shi ko ya ji dama. Ya ce, "Sanyi dai na ji, alhamdu lillahi. Gani kuwa, abin da kunnena ya gane mini yau ya ishe ni." Ya laluba ya kama kunnen Haliru, wanda har yanzu yake durƙushe, ya murɗa shi kamar yadda yake yi masa a makarantar allo, sannan ya sa masa albarka ya tafi.

Saura fetur, ga shi a robar da ke ƙara laushi. Tchakoura ya mayar da hularsa, muryar aikinsa ta dawo. Ya ce ba za a shiga da shi gida a haka ba, ba kuma za a bar shi a rana ba. Jarkar ƙarfe ake bukata yanzu-yanzu. Ya waiga ya ce, "Wa ke da ita a nan kusa?"

Kowa ya juya ya kalli Ma'u.

"Tawa tana nan," in ji ta. "Amma ba na ba da aro ta hannun wani. Mai so ya zo ƙofata ya tambaya."

Haliru ya tafi, rabin taron na biye da shi. Ya tsaya a ƙofarta ya yi sallama, ko da yake tare suka iso. Ta shiga ciki, ta ɗan daɗe, sannan ta amsa daga ɗaki tana tambayar wane ne. Sai da ya faɗi sunansa. Ta fito da jarkar da mazurari, ta ce kafin ta ba shi sai ya gaya mata yadda ake yi, don ita mace ce marar ilimi, kada ta ba wanda bai san doka ba. Haliru ya karanto mata: a ajiye jarka a ƙasa, a fili, nesa da wuta da taba; kada a cika ta har baki; a rufe gam; kada a zuba wa inji yana da zafi; kada a kwana da ita a ɗaki.

"Madalla," in ji Ma'u. "Ashe kana ji in kana faɗa."

A gindin bishiyar aka juye fetur ɗin, Tchakoura yana korar masu matsowa. Ya huda farar jarkar da wuƙa don kada wani ya tsince ta ya zuba ruwan sha, Gwaggo ta kawar da kai ba ta kalla ba. Bai kai Haliru kwamisariya ba. Da Haliru ya yi masa godiya ƙasa-ƙasa, sai ya ce, "Ba don kai ba ne. In na kai ka, sai na rubuta yadda na ɗauko ta da hannuna na ratsa unguwa da ita."

Ƙosan suna bai samu fitowa ba sai bayan la'asar, matan sarkin pawa kuma ba su ɓoye wa kowa dalili ba.

Gwaggo Ajaratu ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar Haliru. Zaituna ta je ba ta haƙuri a madadinsa, ta ce ai ya yi nadamar jarkar. Gwaggo ta ce ita ta bar maganar jarka tuni. Abin da ya dame ta shi ne tun daga ranar ba ta ƙara shan kokonta cikin natsuwa ba. Kullum da safe sai an yi sallama, wannan jikanta ba ya barci, wancan matarsa ta kusa haihuwa, kowa da ɗan kofinsa a ɓoye cikin riga. Tana cikin faɗar haka aka yi sallama a ƙofa. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe har kai, ta juya ta fuskanci bango.

"Ce musu zazzaɓi nake," in ji ta.